Koren Ruwa a Rijiyar Gidan Haya

Shafi na 19

Masu bina da saƙon "Anti kin bar mu da Becky a tsaye", to ku sarara min haka nan, wuta ce aka ƙi kawo mana har waya ta mutu. Wanda yau ya fara shigowa kuma, barka da zuwa, ja kujera.

*

Ko ruwan shayi Becky ba ta iya haɗiya ba da safen nan. Tana tsaye a ƙofar ɗakinsu, bayanta buhunan kayansu ne a ɗaure, har labule mamanta Rhoda ta cire ta ninke.

"Mama, ki bari mana a ga abin da zai fito tukuna."

"Becky, ƙyale ni. Gara na fita da ƙafata da a watso min tukwane waje."

Tun da amai da gudawa suka kwantar da yaran gidan hayar Alhaji Bello da ke Nasarawa, har aka kwana asibiti da jikansa Anas, kowa ya nuna Rhoda da yatsa. Sabulun ruwa da izal na wanke banɗaki take haɗawa tana kaiwa kasuwar unguwar Television, kuma a lungun da ke kusa da rijiya take wanke robobinta. Shi ke nan aka yanke hukunci: gubarta ce ta gangara rijiya. Alhaji ya ce ta tattara ta bar masa gida.

Da tuni sun tafi, ba don Jamila ba, 'yar Alhajin da ta karanci injiniyancin ruwa da muhalli a Zariya. Ita ta durƙusa ta roƙi mahaifinta ya bari a gwada. Shekaranjiya a gaban kowa ta kwarara wata jar kala a lungun Rhoda, ta bi ta da ruwa, ta ce kala ce ta gwaji, ba ta cutarwa, duk inda ruwa ya bi za ta bi. In ruwan rijiya ya fito ja, Rhoda ta tafi, babu mai sake cewa uffan.

Yau ce ranar.

Gida ya cika maƙil, 'yan haya kowa ya fasa fita. Alhaji yana kan farar kujerarsa ta roba da carbi a hannu, ya sa an rufe ƙofar gida don kada 'yan kallo su shigo. Jamila ta ɗaga murfin rijiyar, ta ajiye wani farin bokitin fenti a gefe, ta miƙa hannu za ta ɗauki guga.

"A'a, ajiye!"

Hajiya Dije ce, uwar Jamila, ta taho tana ɗaure zani.

"Ni zan ja da hannuna. Ba za a yi min siddabarun boko a kan jikana ba."

"Bismillah, Umma."

Hajiya ta zura guga. Becky ta damƙe hannun mamanta. A ranta ba abin da take cewa sai, Ya Ubangiji kada ya zama ja, Ya Ubangiji kada ya zama ja. In suka bar gidan nan ina za su nufa? A nan aka haife ta, a nan babanta ya rasu, kuma jarrabawar gama sakandare na gabanta.

Guga ya iso baki. Hajiya ta juye a farin bokiti.

Kowa ya leƙa.

Kore ne. Kore shar, har da ɗaukar ido, kamar an wanke sabuwar atamfa a ciki.

"Wannan kuma fa?" in ji Hajiya. "Ja aka ce mana!"

Ta kwashe ta watsar, ta sake zurawa da sauri har igiya na goge mata tafi. Ta juye. Kore dai.

"To ko jan ne ya rikiɗe a hanya?"

"Ja ba ya komawa kore, Umma."

Becky ta kalli bokitin, ta kalli mamanta, ta sake kallon bokitin. Ita dai abu ɗaya ta gane: ba ja ba ne.

Alhaji ya daina jan carbi.

"Jamila."

"Na'am, Baba."

"Me kika yi?"

"Kala biyu na zuba, Baba. Ja a lungun Maman Becky, kowa ya gani. Koren kuma ni kaɗai na san na zuba."

"A ina?"

Jamila ta sunkuyar da kai.

"Baba, don Allah mu ɗan shiga daga ciki."

"A nan na tara mutane, a nan za ki faɗa. Wanene a gidan nan yake kashe min jikoki? Ko waye, yau zai bar gidan nan."

Wayyo Alhaji. Da ka sani da ka bi ta cikin.

"A banɗakin Yaya Auwal na zuba."

Wata 'yar haya ta ce "Iyeee!" ta toshe baki da mayafi.

Duk layin babu wanda bai san wannan banɗaki ba. Da za a yi bikin Auwal, babban ɗan Alhaji, dangin amarya suka kafe sai an yi wa 'yarsu banɗaki na zamani mai jan ruwa. Alhaji ya kira Tagwai magini, ya haƙa sokawe a bayan katanga, wato ramin da ƙazantar ke gangarawa. Alhaji da kansa ya tsaya a kai yana cewa a ƙara zurfi, a ƙara, har sai da diga ta tarar da ruwa. Nan ya ce madalla, a tsaya. Haka kowa ke so a unguwar: ramin da ya kai ga ruwa ba ya cika, ba kai ba kiran motar yashe masai. Har majalisa Alhaji ya riƙa ba da labari, yana ba mutane lambar Tagwai.

"Ke yarinya, kina da hankali kuwa?" Alhaji ya miƙe tsaye. "Ramin nan a waje yake! Ga katanga tsakaninsa da rijiya, bulo mai kauri, ni na saya!"

"Baba, katangar a sama take. Ƙarƙashin ƙasa babu katanga."

"Kamar yaya?"

"Ruwan da Tagwai ya tarar a gindin ramin, da ruwan da ke cikin rijiyar nan, ruwa ɗaya ne. Shimfiɗe yake a ƙarƙashinmu, yana tafiya a hankali. Duk gugan da muka ja, muna janyo na can ya matso nan."

"Amma ai ramin ba ya cika!"

"Shi ne nake faɗa, Baba. Ana zuba masa kullum, kuma ba ya cika. To ina yake kaiwa?"

Alhaji ya kalli koren ruwan. Ya koma kujera ya zauna daɓas.

Sai a lokacin maganar ta sauka a kan Hajiya Dije. Ta saki igiyar guga, ta riƙe ƙirji.

"Tsaya, tsaya. Jamila, kina nufin abin da muke sha..."

"Eh, Umma."

"Da shi fa nake alwala!"

"Eh."

"Da shi na dama wa Anas kunu! A'uzu billahi! Innalillahi!"

Ta ruga bakin lambatu tana kakari, mata biyu suka rufa mata baya, kowacce da nata kakarin. Wani ɗan haya mai tuƙa keke napep ya tofar da yawu ya ce wallahi shi dama tun bayan bikin yake jin ruwan nan ya canza ɗanɗano. Ji shi fa! Shi ne kuwa kan gaba wajen cewa warin izal yake ji a ciki.

Becky ba ta bi ta kansu ba, don mamanta ce ta zube gwiwa biyu a kan siminti, ta ɗaga hannu sama.

"Na gode Yesu. Na gode Ubangiji. Ka wanke ni, ka wanke ni!"

Kuka take kamar ƙaramar yarinya. Tun da aka fara wannan tashin hankali Becky ba ta ga hawayenta ba sai yau. Ta durƙusa ta rungume ta, ita ma ta fashe. Daɗi ne, daɗi tsantsa, irin wanda ke sa mutum kuka.

Rhoda ta share fuska da bakin zani, ta dubi mai gidan.

"Alhaji, ai na faɗa maka. Sabulu nake yi, ba kisa ba. Anas ɗin nan a bayana yake barci in uwarsa ta tafi aiki."

Alhaji bai iya ɗaga ido ba.

"Maman Becky, laifi tudu ne. Na taka nawa, na hango naki. Ki yafe min don Allah. Babu inda za ki."

Hajiya Dije ta dawo tana goge baki, ido jawur. Ta tsaya a kan Rhoda. Kowa ya san bakin Hajiya, ban haƙuri ba ya cikin kayan da aka yi mata na aure. Sai kawai ta wuce su fuuu ta shige ɗakin Rhoda, ta kama buhun farko ta fara kwance igiya.

"Hajiya, bari mana, zan yi."

"Rufe min baki. Wa ya ce ki cire labule? Ke Becky, ina ƙusar take? Mutum sai zuciyar tsiya, daga an yi magana sai ɗaure kaya."

Rhoda ta yi dariya cikin hawaye. Hajiya ta juyo da labule a hannu, murya ta karye.

"Na zage ki, Maman Becky. Na zage ki a gaban 'yarki. Allah Ya sani tsoro ne, na ɗauka yaron nan tafiya zai yi."

"Ya wuce, Hajiya. Ina shi Anas ɗin?"

"Yana ciki, tun asuba yake min rigimar awara."

"A ba shi mana! Mai neman awara ai ya warke."

*

Becky ta fito ta tarar da Jamila tsugune a bakin rijiya tana cika wasu ƙananan kwalabe. Ta tsuguna kusa da ita.

"Anti Jamila."

"Na'am, 'yar gidan Mama."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ban sani ba. Zargi na yi. Sabulu ba ya sa yaro zazzaɓi da gudawa irin wannan, kuma ciwon bai fara ba sai bayan biki. Amma zargi ai shi ya kusa fitar da ku daga gidan nan, shi ya sa ban buɗe baki ba sai da na gwada."

"Da ya fito ja fa?"

"Da na faɗa. Da na yi kuka, amma da na faɗa."

Becky ta miƙa mata murfin kwalba.

"Ba ki ji tsoron Baba Alhaji ba?"

"Taɓa hannuna ki ji."

Becky ta taɓa. Rawa yake kar-kar. Suka ƙyalƙyale da dariya a tare, ƙasa-ƙasa.

"Yanzu rijiyar ta mutu ke nan?"

"A'a. Za a yashe ramin can a cike shi, a gina wani nesa da nan, mai siminti ciki da ƙasa. Sai a yashe rijiyar a sa mata magani. Waɗannan kwalaben ɗakin gwaji zan kai su. Babu mai sha sai sun ce ta yi."

"Ni fa Anti, na ɗauka injiniya sai namiji mai hular kwano, a kan gada ko a matatar mai ta wajen Rido."

"Akwai su, kuma aiki suke. Amma ɗaga kanki ki dubi Nasarawa kawai. Gida nawa kika sani da rijiya da masai suke maƙwabtaka?"

Becky ta fara lissafawa a ranta. Gidan su ƙawarta. Gidan mai wanki. Bayan cocinsu ma.

"Kusan duka."

"To kin gani. Yara na ta ciwo, ana cewa haƙori ne, ana cewa mayu ne, ana cewa mai sabulu ce. Mu kuma da muka karanci abin ba mu da yawa, kuma yawancinmu Abuja muke hange."

"In mutum yana so... me zai cike a JAMB?"

Jamila ta ajiye kwalba ta juyo gaba ɗaya.

"Wane mutum?"

"Wani dai."

"Wanin nan da ke auna wa Mama soda tun yana firamare, bai taɓa ƙona hannu ba? Kimiyya ai kin gama da ita. Lissafi fa?"

"Muna dai gaisawa."

"To ku daina gaisawa, ku ƙulla zumunci. Kullum bayan la'asar ki same ni da littafinki. Kuma in zan kai kwalaben nan ki shirya, tare za mu, ki ga abin da ke cikin ɗigon ruwa ɗaya da idonki."

"Da gaske, Anti?"

"Na taɓa yi miki wasa da karatu?"

Becky ta ji kamar ta yi tsalle. Ɗazu-ɗazu tunanin inda za su kwana take, yanzu ga ta tana tunanin Zariya.

Gyaran muryar Alhaji ne ya katse su.

"Jama'a, ku matso. Alhamdulillahi, Allah Ya bayyana gaskiya, kuma gobe-goben nan za a fara gyara. Abu ɗaya nake roƙo. Maganar nan ta mutu a cikin gidan nan."

Rhoda da ke bakin ƙofa da tukunya a hannu ta tsaya cak.

"Ta mutu kamar yaya, Alhaji?"

"Kin san mutane. Ga surukai, ga majalisa. A ce banɗakin amarya ne... ai yarinyar nan ba za ta ƙara iya fita ba. A rufa wa juna asiri."

"Ni wa ya rufa min nawa?"

"Maman Becky..."

"Alhaji, ba a ɗaki aka ɓata min suna ba, a titi ne. A kasuwa mai guba ake kirana. Masu shagunan da nake kai wa sabulu sun dawo min da shi. Becky in ta wuce, yara waƙa suke mata."

Gaskiya ne, Becky ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba, ashe mamanta ta sani.

Alhaji ya shafa gemu, ya kalli ƙasa.

"A hankali za su manta."

"Baba," in ji Jamila, "ba maganar suna ba ce kaɗai. Ruwan nan ba a gidanmu ya tsaya..."

Ba ta ƙarasa ba.

Gwaram! Gwaram! Gwaram!

Ƙofar gidan ta ƙarfe ake duka kamar za a ɓalle ta. Hayaniya ta cika layi, muryoyin maza da na mata.

"Alhaji Bello, buɗe!"

"Rijiyarmu ta koma kore!"

"Tamu ma! Ga shi nan a bokiti, kowa ya gani!"

"A fito mana da mai sabulun nan! Ta gama da gidanku ta shigo namu!"

"Yau sai ta bar unguwar nan!"

Tukunyar hannun Rhoda ta faɗi ta gangara. Becky ta sha gabanta ta tsaya. Wani dutse ya dira a kan kwanon ɗakinsu.

Duk gidan aka zuba wa Alhaji ido.

Alhaji ya kalli ƙofar. Ya zura carbi a aljihu, ya gyara zaman hularsa. Ya taka zuwa bakin rijiya, ya sunkuya ya ɗauki farin bokitin da kansa, koren ruwa na fallatsar masa a jallabiya.

"Maman Becky, koma bayana. Jamila, zo nan kusa da ni, ke za ki yi musu bayanin da kika yi min."

Ya dubi Becky.

"'Yata, zare sakatar."

Ta zare. Ƙofa ta wangale, mutane suka yo ca, wani har ya ɗaga sanda.

Alhaji ya dire bokitin a gabansu.

"Ku sauke sandunanku. Ba mai sabulu kuke nema ba. Ni kuke nema."